Wuƙa Mai Baki Goma Sha Biyu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, a wani ƙauye da ke bakin kwarin Tarka. Mutum ne da bai yarda namiji ya fita ƙofar gida babu wuƙa a jikinsa ba. Tasa ƙirar maƙerin ƙauyenmu ce, baki ɗaya, ƙotar icce, da kuben fata wanda gumi ya mayar baƙi ƙirin. A damtsensa na hagu take wuni. Da ita yake yanke igiya, ya feƙe turke, ya tsaga kankana. Amma idan ka tambaye shi amfanin wuƙa, duk waɗannan ba ya lissafa su. Abu ɗaya yake faɗi: in dabba ta faɗi, a kai mata wuƙa kafin rai ya fita, kada ta zama mushe.

Shekarar da na sami aiki a ofishin magajin gari a Belbeji, na ga ni ma na kai riƙe wuƙa. Sai dai mai zama a biro, wato ofis, ba zai ɗaura kube a damtse ba, mutanen da suka zo neman takardar haihuwa su ɗauka wani abu ne. Ta aljihu nake so, mai naɗewa, irin mai jar ƙota da ake kawowa daga arewa.

Ranar kasuwa Kawu ya shigo gari sayen dusa da kanwa. A lokacin yana kiwon wani rago fari mai baƙin kunne, wanda ya ware don sunan jikansa na fari, domin babbar ƴarsa tana da ciki. Ragon kaɗai ya rage masa bayan shekara biyu da damina ta yi gardama. Ragon nan ya fi mu cin abinci a kan lokaci, kuma Kawu ya fi yi masa magana a kan yadda yake yi mana. Na ce ya raka ni in zaɓi wuƙa. Ya ji daɗi, har ya nufi rumfar maƙera. Na ce ba can ba.

Mai kayan da na kai mu wurinsa ya baje wuƙaƙen a kan tabarma tsakanin tociloli da batura. Iri uku ne. Akwai ƙarama mai baki huɗu, wadda na raina. Akwai wata ƙatuwa mai baki ashirin da wani abu, da na saka ta a aljihu sai wandona ya karkace gefe ɗaya. Sai ta tsakiya, mai goma sha biyu. Mai kayan ya dinga zaro bakunanta ɗaya bayan ɗaya: babbar wuƙa, ƙaramar wuƙa, almakashi, zarto, magagari, basilla, mabuɗin gwangwani, mabuɗin kwalba, turnabis na ɗaure kusa, matsefata ta cire ƙaya, tsinken sakace, da wani murɗaɗɗen ƙarfe kamar ƙahon rago. Na tambaye shi aikin wannan. Ya ce na Turawa ne, amma ba a ƙara kuɗi a kansa.

Kawu ya karɓa, ya juya ta, ya auna babban bakin da tafin hannunsa. Ya ɗan wuce yatsu huɗu.

"Tsawon zai yi, da ƙyar," in ji shi. "To, mayar da su duka ka rufe."

Mai kayan ya rufe.

"Yanzu ina wuƙar ta tahi?"

"Tana ciki, Baba. Ga ɗan tsagi nan, da farce ake jawo ta."

"Da farce," Kawu ya maimaita. Ya dube ni. "Ɗana, wuƙar da sai an yi sallama kafin ta hito, mi za ka yi da ita?"

Na yi masa bayani mai tsawo. Na ce zamani ya canja, mutum ɗaya yana bukatar kayan aiki da yawa, wannan kuwa maƙera ce sukutum a cikin aljihu. Na yi amfani da kalmomin Faransanci guda biyu ko uku don maganar ta yi nauyi. Kawu ya saurara har na gama, sannan ya ce dusa tana tsada bana. Na biya, na saka wuƙata a aljihu.

Gaskiya ta yi mini aiki. Na buɗe gwangwanin tumatir da ita ba adadi. Na ɗaure ƙafar tabaran sakatare, na gyara rediyon mai gadi, na cire wa rabin ma'aikatanmu ƙarangiya. Murɗaɗɗen ƙarfen ma na samo masa sana'a, da shi nake kwance ƙullin igiyar guga. Amma abin da na fi so shi ne almakashin. Duk safiyar Juma'a, kafin masallaci, sai in zauna in yanke farcena goma da shi, ƙasa-ƙasa, in bi da magagari har su yi sumul. Ban taɓa samun tsabtar farce irin ta wannan shekara ba.

Babban bakin kuwa ban taɓa shi ba. Adana shi nake yi. Na ce ba zan dakusar da kaifinsa a kan albasa da igiya ba, sai ranar babban aiki. Wata biyar yana kwance a cikin ƙota, tare da yashi da gumi da ɗan sukarin shayi da ke zubewa a aljihuna.

Bayan an gama yankan hatsi aka yi wani ruwa na ƙarshe da ba wanda ya sa ran zuwansa, gyauron dawa ya tsiro a gonakin kwari. Wata Juma'a, da aka sauko daga masallaci, na hau mota na tafi ƙauye gaida ƙanwata, ƴar Kawun nan mai ciki, don an ce haihuwa yau ko gobe. Ban tarar da Kawu a gida ba. Aka ce ragon ya tsinke igiya tun hantsi, ya bi sawunsa. Ni ma na bi.

Na same su a ƙarshen gona, nesa da gari. Ragon yana kwance, ciki ya kumbura ya yi tam, kumfa na fita ta baki. Ya ƙoshi da gyauro. Kawu ya riga ya juya shi ya fuskanci gabas, ya danne shi da gwiwa, ya kama haɓarsa. Na dubi damtsensa, babu kube. Da safiyar nan ya kai wa maƙeri wuƙar a wasa ta, saboda suna ya matso.

"Ba zai tashi ba," ya ce. "Kawo taka. Yi sauri."

Na san abin da yake nufi. In an yanka shi da rai, mahauci zai ɗauki naman, a sami abin sayen wani rago ko ƙarami ne. In ya mutu haka, sai ungulu.

Na zaro wuƙata. A raina har na ji wani ɗan daɗi, Allah ya yafe mini, don ga ranar babban aiki ta zo. Na kai babban yatsa kan tsagin nan. Babu farce. Na sake da ɗan ali. Babu. Duk goman na bi, kowanne sumul, aikin hannuna na safiyar nan. Na matsa da tsokar yatsa, mabuɗin kwalba ya fito, shi da ya saba fita. Na sake, almakashi ya fito. Sai zarto. Sai murɗaɗɗen ƙarfen nan na Turawa.

"Wuƙar, ɗana. Wuƙar."

"Tana zuwa, Kawu."

Ya saki haɓar ragon ya fizge wuƙar. Yatsun manomi ne da ya gama kaka, farcen duk ya cinye, kaurin yatsa ɗaya ya rufe bakuna uku. Ya gwada, ya kasa, ya miƙo mini. Na sa haƙori. Na ji ɗanɗanon sukari da yashi, bakin bai motsa ba. Ƙaramar wuƙar ma tana kwance kusa da babbar, ta yi koyi da ita. Sai can na tuna da mabuɗin biro. Na laluba aljihu, na sa bakinsa a tsagin, na banƙara. Ta buɗe da wata ƴar ƙara mai daɗin ji, tana walƙiya, ko tsatsa babu.

Na miƙa wa Kawu. Bai karɓa nan da nan ba. Hannunsa yana kan haƙarƙarin ragon, idon ragon a buɗe, ƙafar da take shure-shure ta daina. Rai ya riga ya fita. 

Daga baya ya karɓi wuƙar. Sauran igiyar da ragon ya tsinke tana wuyansa, igiya ce mai kyau, Kawu ne ya tufka ta. Ya sa bakin ya ja sau ɗaya, ta rabu. Ya naɗe igiyar a hannu, ya dubi wuƙar, ya shafa ta a rigarsa duk da babu abin gogewa, ya ba ni.

"Tana da kaifi kuwa," ya ce.

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Muka ja ragon zuwa gindin wata aduwa muka bar shi. A hanyar gida Kawu yana gaba, ni ina baya ina mayar da bakuna ɗaya bayan ɗaya.

Kwana uku bayan nan ƙanwata ta sauka, namiji. Na je kasuwa na sayo wani ɗan rago ramamme, iya abin da aljihuna ya kai. Kawu ya yi godiya, ya sa albarka, ranar suna aka yanka shi da wuƙarsa da ta dawo daga maƙera. Har Allah ya karɓi ransa, shekara shida bayan haka, bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa.

Wuƙar tana aljihuna har yanzu. Ina ɗiga mata man keken ɗinki, ina buɗe babban bakin kowace safiya in rufe. Masu shirin sayen irinta sukan tambaye ni wadda za su zaɓa, mai huɗu ko mai goma sha biyu. Sai in ce su nuna mini hannunsu tukuna.

Matata ta yi magana a kan babban yatsana na dama, ta ce ba kyan gani. Abokan aiki sun yi, har limamin unguwarmu ya taɓa ja na gefe. Na ce musu na ji. Duk Juma'a ina yanke farce tara.