Kawu Mai Feshi da Karyarsa Tabo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara ashirin da biyu ya yi yana feshin ƙwari a gidaje da otal-otal, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Feshi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum tanki a baya, ƙyalle a hanci. Aibinsa ɗaya, gaggawa. Kafin ka gama gaishe shi ya amsa har da ta mutanen gida. Matarsa takan ce ita dai tunda ta aure shi ba ta taɓa jin ƙarshen maganarta ba, shi yake ƙarasa mata, kuma sau da yawa ba inda ta nufa ba.

Da tari ya fara damunsa, likita ya ce ko ya rage shaƙar magani ko ya nemi wata sana'a. A nan ne wani abokin aikinsa ya ba shi labarin wata dattijuwa da ke horar da karnuka su gano kuɗin cizo da hanci. Maimakon ka feshe bene guda, kare zai nuna maka ainihin inda suka ɓuya, ka yi maganin wurin kaɗai. Washegari Kawu ya buga mata ƙofa.

Malama ake ce mata. A wani tsohon gareji take aikin, ta jera akwatunan katako goma sha biyu a jikin bango. Cikin ɗaya takan ɓoye 'yar kwalba mai ƙwarin a raye, an ɗaure bakinta da siririn ƙyalle. Ta haɗa shi da wata 'yar karya fara mai dabbare-dabbaren ja, kunnuwa har suna sharar ƙasa, wai ita Tabo. Idan ta ji warin sai ta zauna ta kafa hanci a wurin, a jefa mata ƙwallon roba, ladanta ke nan.

A hannun Malama, Tabo ba ta kuskure. Igiya na shiga hannun Kawu sai ta zama wata daban, ta zauna nan ta zauna can, a buɗe a ga wayam. Sati uku ana haka. Kawu ya fara ƙorafin cewa an ba shi mai mura. Malama ba ta musa masa ba. Wata safiya ta ce ya zagaya da Tabo, ita kuma ta ɗauke shi da wayarta. Tabo ta zauna a akwati na bakwai, Kawu ya washe baki. Sai Malama ta bi akwatunan ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Babu kwalba a ko ɗaya.

Ta nuna masa hoton. Ga shi nan, tun daga na biyar ya rage tafiya, ya ƙura wa na bakwai ido, ya ɗauke numfashi, hannunsa ya ɗame igiya.

"Me ya sa na bakwai?" in ji ta.

Ya ce ya ga kamar murfin ya ɗan karkace.

"To ka gani. Ba ƙarya ta yi maka ba, abin da kake so ta ba ka. Hancin nata ne, kai naka ka kai ta wurin, ka yi shiru."

Ya ce mana tun da ya girma ba a taɓa tsinka shi haka ba, kuma a gaban kare. Amma ya koma. Ya koyi sakin igiya har ta yi lilo. Ya koyi tsayuwa a bayanta, ya kalli wutsiya da yadda numfashinta ke sauyawa in ta kusa. Ya san a kashe fanka kafin su shiga ɗaki don iska na kwashe wari, ya san bayan minti ashirin sai ta huta ta sha ruwa ko da mai gida na tsaye yana duba agogo. Wata biyar kafin Malama ta sallame su. Ya gina wa Tabo ɗan ɗaki a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar lemo.

Aikin da ya fito da sunansa a wani ƙaramin otal ne mai hawa biyu. Sau uku ana feshe ɗakunan sama, bayan sati biyu baƙi su sauko suna susa. Manajan ya gaji, ya kira Kawu, ya karɓe su yana kallon Tabo a yatsine. Ɗaki takwas suka shiga, ta shinshina katifa, ta leƙa bayan allon gado, ta bi gefen labule, ko sau ɗaya ba ta zauna ba. Manaja ya tambaya ko yawon buɗe ido suka zo.

Kawu ya ce a ɗaki na takwas ya ga wani baƙin ɗigo a ɗinkin katifa, har hannunsa ya fara ƙaiƙayin jan igiya. Ja ɗaya zai yi ta zauna, a tafa masa. Sai ya sa hannun a aljihu ya ce wa manaja ɗakunan nan lafiya lau suke.

Suna fitowa baranda Tabo ta ɗaga kai. Ta wuce ƙofofi biyu, ta dawo, ta nufi keken da ake tura zanin gado a ciki, wanda manajan ya jingina da shi yana faɗa. Ta zagaya shi, ta zauna daidai ƙafar keken. Kawu ya nemi manajan ya ɗan matsa, ya ɗaga naɗin buhun keken da tsinke, ya haska tocila. Ga su nan jere cikin ɗinki, iyaye da 'ya'ya. Ashe duk sanda aka gama feshi, keken ne ke sake raba su ɗaki ɗaki tare da wankakken zani. Manaja ya yi tsalle gefe, ya kama susar ƙugu.

"Ranka ya daɗe, karyata ba ta ƙarya," in ji Kawu, ya jefa mata ƙwallo.

Yanzu shekararsu shida tare. Tarin ya tafi, ɗan abin feshi na hannu ya ishe shi. Tabo ta fara furfura a baki, don haka da safe kawai suke aiki, duk wanda ya matsa sai ya jira gobe.

Watan jiya mahaifiyata ta sayi kujerun kushin na hannu, ta kira shi ya duba mata kafin a shigar da su falo. Na je kallo. Tabo ta bi su a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ta gama, ta je inuwa ta kwanta. Kawu ya ce a shigar. Mahaifiyata ba ta gamsu ba, ta ce ya sake zagayawa da ita, ita ba ta ga an yi komai ba.

"Yaya, ta gama magana," in ji shi. "In na sake tambayarta, za ta ɗauka amsar ce ban so ba."

Muka kinkimi kujeru ni da shi. Babbar ta maƙale a ƙofa, sai da muka cire mata ƙafafu sannan ta shiga.