Tsuntsu mai bakin takalmi da zuwan Hajiya

Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, wata ranar Asabar, mu uku ne a ɗakin ɗalibai a garin Villeurbanne na Faransa: ni, da 'yata ta fari mai karatun halittu a jami'a, da ƙawarta 'yar garin Tawa da ke dafa mana shayi.

Abu ɗaya ya taso ni daga Paris. Yayata Hajiya za ta zo daga Damagaram, 'yata kuwa haihuwar unguwar Goutte d'Or ta Paris ce, gaisuwarta ita ce ta tsaya ƙiƙam ta miƙo kumatu a sumbata, irin ta Faransawa. In ta yi wa Hajiya haka, har in mutu ana ba da labarina a gida.

Tun cikin jirgin ƙasa na tsara darasin: a cire takalmi, a durƙusa, a tambayi gajiya, sannan mutanen gida. Ina tsakiyar bayani 'yata ta juyo mini da ordinatarta, wato kwamfuta, wai in ga hoton bidiyon abin da take karantawa.

Wani tsuntsu ne mai launin toka, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, bakinsa kamar takalmin katako. Ta ce a fadamun Sudan ta Kudu da Uganda yake zama. Yakan tsaya cikin ruwa ba motsi har sai gaiwa ta ɗago shan iska, ya faɗa mata da dukan jikinsa. Har ɗan kada yakan haɗiye. Ƙawar ta dubi murtukakkiyar fuskarsa, ta dube ni, ta koma kan shayinta tana ƙunshe dariya.

Sai mai kula da shi ya bayyana a hoton. Tsuntsun ya sunkuyar da kai, ya kaɗa shi dama da hagu, ya buga baki kaf-kaf-kaf. Na ce to ga shi, ko tsuntsu ya san ladabi.

Ta mai da hoton baya. "Baba, duba da kyau. Wa ya fara?"

Mutumin ne ya fara russunawa.

"In ba ka russuna masa ba, kallonka kawai zai yi. Kai ma kullum faɗa kake, ban taɓa ganin ka yi ba."

Gaskiya ne. A Paris ni ne babba a gida, ni ake gaisarwa. Na zaunar da ita a kujera a matsayin Hajiya, na cire takalmi, na durƙusa. Gwiwoyina suka yi ƙara. Na gaishe ta bi da bi, ita kuwa ta kauda kai ta ce, "Lafiya lau, yaro. Ka yi ƙiba." Sannan muka yi musaya, muka maimaita har shayin ya huce.

Ranar da Hajiya ta iso, 'yata ta durƙusa tun daga bakin ƙofa, ba ta tsallake ko tambaya ɗaya ba. Hajiya ta ce ashe Faransa ba ta ɓata kowa ba.

Kai mai karatu, in hanya ta kai ka Damagaram, don Allah kada ka faɗi a gaban Hajiya cewa na durƙusa wa 'yar cikina.