Yadda Baba Alamu Ya Rufe Tasharsa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Oke-Ado ta Ibadan, ta bayan masu niƙan barkono, ya san Baba Raufu Alamu. In bai san fuskarsa ba, to ya san maganarsa, domin magana ɗaya gare shi kuma ba ya gajiya da ita: tun da ya riƙe sitiyari bai taɓa goga wa motar wani fenti ba. Ko gaishe shi ka yi, kafin ku rabu sai ya ratsa da kai ta nan. Ranar da aka binne matarsa ma, da liman ya ce marigayiya ba ta taɓa ɓata wa kowa ba, sai aka ji Baba daga sahun gaba yana cewa, "Haka muke duk gidan."

Da yaron mota ya fara, shi ne mai dirowa da gudu ya soka weji a ƙarƙashin taya in gingimari ta tsaya a hawa. Daga baya ya samu sitiyari, ya yi ta jigilar goro zuwa arewa, ya dawo da albasa, wani lokaci da shanu. Sai dai tafiyar da sa'o'insa za su yi su dawo su sake lodi, shi yana nan bai ƙetare gadar Jebba ba. Albasa ta sha yin tsiro a bayan motarsa. Akwai ma saniyar da aka loda masa tana maraƙa, aka sauke ta a Ibadan da ɗanta a gefe. Baba bai taɓa musa wannan ba. Cewa yake, "Ita da ɗan, akwai wanda ya ji ciwo?"

Da ido ya fara rauni, 'ya'yansa suka raba shi da mota, ya dawo zaman ɗaki a gidan haya mai doguwar baranda, ɗakuna suna kallon juna, kowa na jin tarin kowa. Ba gona, ba shago, sunan nan kaɗai ya rage masa, kuma kullum sai ya fito da shi ya shanya.

Wani hutu 'yarsa Abeke ta zo da yaranta, da za su koma suka manta da gem ɗinsu na wasa a talabijin, tsohon yayi, irin wanda ake hura wa kaset iska kafin a soka. Wata rana Baba na goge ƙura ya taɓa wani maɓalli, sai ga wata jar mota a talabijin, tsaye a tsakiyar titi, inji na ruri, ba kowa a ciki.

"Wane sakarai ne ya bar mota a kunne, mai na ƙonewa?" in ji Baba. Ya jawo kujera ya ɗauki hannun gem ɗin, da niyyar ya gyara mata tsayuwa kawai.

To, wannan ba gingimari ba ce. Kana taɓa totur sai ta zabura kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Kafin Baba ya gama bisimilla ya shiga allon talla. Ta yi ƙuli-ƙulin kubura, ta kama da wuta, sannan ta dawo sabuwa fil tana jiransa. Ya sake, ya hau bishiyar kwakwa. Akwai wata kwana kuma bayan gada wadda ta rantse ba zai wuce ta ba. Baba ya tashi ya saka sakata, ya toshe kafar mabuɗi da auduga, ya kashe sauti. Tun daga ranar, in aka yi la'asar kuma akwai wuta, ba a ganinsa a waje.

Gem ɗin ta ramin eriya yake shiga talabijin. Da ɓera ya cinye wayar, Baba ya ce waya ai waya ce, ya miƙa hannu ta taga ya jawo wayar ƙarfen da mata ke shanya a kai ya haɗa. Bai lura ba cewa ɗaya bakin nata a jikin sandar eriyar gidan yake ɗaure.

Iya Sidikatu mai amala ita ta fara gani. Tana murɗa talabijin tana neman wasan kwaikwayo, sai ga jar mota a saman bishiya. Ta kira Fasasi tela, wanda ɗakinsa ke kallon na Baba. Suna cikin kallo motar ta daki gada, a daidai lokacin suka ji daga ɗakin Baba, "Lahaula!" Ta sake dukan gadar. "Lahaula!" Fasasi ya zauna daɓas a ƙasa, dariya ta hana shi numfashi.

Kafin a jima gidajen maƙwabta duk sun kama tashar. Iya ta fito da talabijin ɗinta rumfa, ciniki ya buɗe, mutum ya ci malmala ya ƙara don ya ga ko yau za a wuce kwanar. Fasasi ya yi shela cewa duk wanda ya faɗa wa Baba, wandonsa na salla ƙafa ɗaya za ta fi ɗaya tsawo. Ba wanda ya faɗa. Sai dai gaisuwa ta canja. In Baba ya fito alwalar magariba, sai ka ji, "Baba, sannu da hanya." "Baba, ya gajiyar tafiya?" Shi kuwa sai ya gyara wuyan riga, yana ganin sai yanzu mutanen gidan suka san da wa suke zaune.

Ranar da asiri ya tonu, laifin Baba ne, don shi ya wuce kwanar. Yadda aka yi bai sani ba, atishawa ce ta kama shi, babban yatsansa ya zame, motar ta karkata ta fita lafiya lau. Sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Guɗa, tafi, wani na dukan faranti, masu niƙa suka kashe inji. Baba ya waiwaya. Ya dubi ƙofa, sakata na nan, auduga na nan. A hankali, da gangan, ya karya kan motar ya shiga bishiya.

"Haba Baba!" in ji Oke-Ado.

Ya fito da hannun gem ɗin a hannunsa, ko takalmi babu. A rumfar Iya ya tarar da jama'a sun yi cincirindo, ga motarsa tana ci da wuta a gabansu.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Kowa ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Iya ta hau goge cokalin da ba shi da datti.

"Sidikatu, ke nake tambaya. Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi, Baba. Amma wallahi kana ƙoƙari. Da can ko gadar ba ka kaiwa."

"Kuma ba a taɓa rasa rai ba," in ji Fasasi, "in ban da bishiyar nan, ita kam ta ga duniya."

Baba ya koma ɗaki ya fizge wayar da ƙarfin da ya rage masa, ta fito har da ramin eriyar da 'yan hanjinsa. Washegari ya naɗe talabijin da gem a zane, ya kai wa Murisiku mai gyaran rediyo a bakin titi.

Murisiku ya leƙa bayan talabijin ya girgiza kai. "Baba, wannan ramin ya riga mu gidan gaskiya. Saura waɗannan biyun, rawaya da fari, ɗaya na hoto, ɗaya na sauti. Abin da ya bi ta nan ba ya yawo a iska, daga waya sai talabijin."

"Shi nake so. Soka."

"Ai gem ɗinka bai san su ba. Shi kamar gidan talabijin yake, ta eriya kaɗai yake magana. Sai an samu abin da zai karɓa ta eriya ya miƙa ta rawaya da fari. Akwai ɗan akwatin da ake sayarwa a Legas, amma da tsada."

Baba ya fara naɗe zanensa.

"Tsaya mana, Baba. Tsohon bidiyo ma yana yi, irin mai cin kaset. Ko ya daina juya kaset ba komai, in dai yana kama wuta. Gajeriyar waya mai kyau daga gem zuwa cikinsa, rawaya da fari daga cikinsa zuwa talabijin, shi ke nan. Kyauta ma za a ba ka, wa ke kallon bidiyo yanzu?"

Abin da Baba bai sani ba, Murisiku ma ɗan kallo ne, kuma kafin Baba ya iso gida labari ya riga shi. Bidiyon da jiya ake taka shi a ɗauko kaya a saman kabad, wanda ake tokare ƙofa da shi, wanda ake ɗora tukunya a kai, yau duk sun zama kayan gado. Wani ya ce na kakarsa ne, ta yi wasiyya kada a fitar da shi daga ɗaki. Wata ta ce nata yana jin sanyi in ya fita. Fasasi, wanda ya shekara yana zaune a kan nasa yana ɗinki, ya rantse bai taɓa ganin bidiyo ba a rayuwarsa, yana maganar yana gyara zama a kai. Lissafinsu shi ne in Baba ya rasa, dole ya gyara ramin eriya, tasha ta dawo.

Guda ɗaya ne ba a iya ɓoyewa ba, na bayan rumfar Iya Sidikatu, don kaza na kwanci a kansa.

"Ni ba zan hana ka ba, Baba," in ji Iya. "Amma yanzu ba nawa ba ne, nata ne. Ku daidaita."

Ta manta da wa take magana. Baba ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gefen kazar. Da safe yana nan, da azahar yana nan, yana yi mata fifita, yana ba ta labarin hanyar Mokwa. Kazar ta tsattsage shi har ta gaji ta fara saurare. Ranar da ɗan tsako na ƙarshe ya fito, Baba ya yi wa uwar barka, ya ɗaga ta da ladabi, ya saɓi bidiyo ya tafi.

Murisiku ya buɗe shi ba da son ransa ba. Ya ciro cokali, da mataji, da kyankyasai iyali guda. Ya jona, wuta ta kama. Jar mota ta fito tas, ta ma fi da kyau. A rumfar Iya kuwa talabijin sai shuuu, kamar ana soya ƙosai. In bidiyon ya ɗauki zafi ɗakin Baba kan cika da warin akurki, amma ya ce wanda ya yi jigilar shanu ba ya tsoron wannan.

Tasha ta rufu. Baba ya samu sirrin da yake so, har ya wuce kwanar ba tare da atishawa ba. Ya fito da farin ciki ya faɗa wa Fasasi.

"Mun yarda, Baba," in ji Fasasi, allura a baki. "Yaya bishiyar? A gaishe ta."

Nan Baba ya gane ya rufe ƙofa a kan mugun gani. Abin da unguwa ta gani na ƙarshe motarsa ce tana ci da wuta, kuma da shi za a riƙa tuna shi. In ya buɗe baki zai yi maganarsa ta kullum, sai wani ya yi tari, wani ya dubi sama. Maganar ta maƙale masa a wuya, har abinci ya daina shiga.

Wata Juma'a bayan la'asar ya fito da teburi ya gindaya a bakin baranda, daidai ƙofar fita, ya ɗora talabijin da bidiyo da gem. Ya sa tsohuwar hularsa ta direba. Gida ya cika, har da na maƙwabta, kowa na murna tasha ta dawo. Baba ya zaga teburin, ya daki ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya ji ko da iska. Ya zauna, ya yi addu'ar tafiya, ya taɓa totur kaɗan, ya saki.

Motar ta gangara gefen dama ta kama rarrafe. Motoci na zuwa fuu suna wucewa, shi kuwa yana ɗaga musu hannu. "Wuce, ɗan gaggawa. Wuce, uwarka na jiranka."

"Baba, taka mana!"

"Baba, tsere ne fa!"

"Da wa? Ni ban yi alkawari da kowa ba."

Wa'adin da gem ya ɗiba ya ƙare, ko gadar ba a hango ba. Motar ta tsaya cak, lafiyarta ƙalau. Baba ya sake kunnawa. Haka ya yi ta yi, har masu goyo suka fara gyangyaɗi a tsaye. Iya ta ce miyarta na kan wuta, ta nemi hanya, teburi ya tare.

"Kafin ki wuce, Sidikatu, me kika gani?"

"Na ga tsoho yana ɓata wa mutane lokaci."

"Na buga ko ban buga ba?"

"Ba ka buga ba. Matsa, miyata!"

Ya ja teburin kaɗan ta wuce, ya mayar. Haka aka riƙa fita ɗai-ɗai, kowa sai ya ba da shaida. Fasasi ne na ƙarshe.

"Baba, tsakani da Allah, ai ba ka je ko'ina ba."

"Na tambaye ka inda na je?"

"Ba ka buga ba."

"Ban ji ba. Ka san kunnen tsoho."

"Ba ka buga ba, Baba!"

"Madalla. To, masu niƙa ba su samu zuwa ba, da mutanen gidan baya, kuma su ma duk sun kalli wancan. Sa takalminka, ina biye da kai."

Aka ga Fasasi a gaba, tef ɗin awo a wuya, yana tsayawa ƙofa-ƙofa yana sallama yana ba da shaidar Baba bai buga ba, Baba Alamu na bayansa da hular direba, yana tafe a hankali, a gefen dama.