Kunun Lafanda da Na Dama wa Mahaifiyata

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Dokki ta Alkahira, maigidana yana aiki a ofishin jakadancinmu, aka kawo mahaifiyata Alkahira neman magani. Ciwon daji ne a hanji. Likita ya duba ta ya ce aiki zai yiwu, amma sai ta yi ƙarfi tukuna, domin yadda ta rame ba za ta jure ba. Ya ba mu mako shida. Aikina guda ɗaya ne tak, in ga ta ci abinci.

Ni ce 'yarta ta fari, ita kuma irin matan da ce masu tsananin alkunya. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ban taɓa jin ta ce in yi mata kaza ba. A gida ƙannena take aikowa. A Alkahira kuwa babu ƙanne, daga ni sai maigidana, shi kuma suruki ne, kunyar da take masa ta ninka tawa.

Ni kuma Allah ya yi ni da iyayi. A kwanakin na je shan shayi gidan wata matar jami'i a unguwar Zamalek, ta kawo mana shayi mai wani ƙamshi mai sanyi. Ta ce lafanda ce, ɗan busasshen fure, tana kwantar da hankali, tana sa barci, har ma ta buɗe ciki. Washegari na hau jirgin metro zuwa Wustul Balad, tsakiyar birnin, wurin mai kayan ƙamshi. Yana auna mini ya haɗe 'yan yatsunsa uku ya ce, "Shuwayya shuwayya, ya madam. Kaɗan ake sawa." Na ce a raina, ni da na tashi cikin citta da kanumfari da masoro, yau Bamisire ne zai koya mini kayan ƙamshi?

Yadda muke zuba citta a kunu, haka na riƙa zuba ta, cike da tafin hannu. Kunun gyada lafanda, shayi lafanda, zoɓo lafanda, har farfesun kaza bai tsira ba. Sai in ajiye mata in fita, don na san ba ta sakewa in ina wurin. In na dawo kofi ba komai a ciki.

"Hajiya, ya yi daɗi?"

Sai ta dubi bango ta ce, "An gode. Madalla."

Har waya na yi wa ƙanwata ina fariya, wai na samo sirrin da ya buɗe wa Hajiya ciki. Amma duk ranar awo a asibiti sai mu tarar ta ƙara raguwa. Hankalina ya tashi, na yi kuka a tasi, na dawo gida na ƙara yawan lafandar.

Akwai wata tsohuwa a benenmu, Bahaushiyar Sudan, takan shigo bayan la'asar su yi hira da mahaifiyata. A mako na biyar ta biyo ni kicin, ta tura ƙofa.

"Ya bitti, 'yata, ma'alish, ki yi haƙuri, zan gaya miki magana. Uwarki yunwa take ji."

Na ce, "Haba Baba, ai tana shanye komai."

"Buta ke shanyewa. Da kin fita sai ta juye a ciki, in za ta alwala ta zubar. Ta ce kamar sabulun wanka ake dama mata, ƙamshin kaɗai tayar mata da zuciya yake. Dabino biyu uku da nake kawowa, su take ci."

Na zauna a ƙasa. "To me ya hana ta gaya mini?"

"Ke ce ta fari fa. Ta ce kina wahala a kanta, ba za ta kushe hannunki ba. Ta rantsar da ni kada in faɗa, amma khalas, shi ke nan, na ɗauki kaffarar."

Ranar na dama kunun tsamiya, gero da tsamiya kawai, na kai mata na durƙusa. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini." Ba ta dube ni ba, ta ce, "Ai ba a yi komai ba." Ta sha cokali uku ta ajiye. Cikin ya riga ya rufe, ko ruwa sai da lallashi. Likita ya ɗaga aikin mako biyu, daga baya ya kira maigidana gefe ya ce gara a mayar da ita gida cikin danginta. Ba ta cika wata biyu a gida ba Allah ya yi mata rasuwa.

Kowa ya ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ba na ja da ikon Allah. Likitan ma ya ce wataƙila ko ta ci da ba a tsira ba. Wannan "wataƙila" ita ce ba ta bar ni ba har yau. Na koyi cewa mai kunya ba tambayarsa ake yi ba, zama ake yi kusa da shi a lura, amma na koye shi lokacin da ba shi da sauran amfani a wurina.

Bayan na dawo Alkahira daga zaman makoki na tarar da ragowar lafandar a kicin. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ɗanɗana kunun nan ba, don a ganina hannuna ya wuce ɗanɗane. Na dama shi da awon da na saba, na kai baki. Kurɓa ɗaya na yi na tofar, ɗaci ya kama mini maƙogwaro. Na hau sama na gaya wa tsohuwar. Sai ta ce, "Dabarar butar ai daga baya ta zo mata. Mako biyun farko shanyewa take yi."