Gara a Ƙarƙashin Baranda

Shekara talatin da ɗaya Kafinta ya yi yana aiki a tsohon gidan nan na kan tudu, wanda masu shi suka ƙare tun tuni, hukuma ta mayar da shi wurin ziyara. Ɗaki arba'in ne, ga lambu mai tafki, ga wata doguwar baranda ta katako a bene na biyu, wadda duk wanda ya kawo iyalinsa sai ya hau an ɗauke su hoto. Ranar hutu kuwa ba masaka tsinke. Uwaye na shimfiɗa tabarmi, yara na bin agwagi, tsofaffi na neman inuwa suna ƙorafin ciwon gwiwa.

Mutum ne da ba ya iya wuce katako bai ƙwanƙwasa ba. Ko gidan mutane ya je gaisuwa, sai ya buga ƙofarsu da ƙashin yatsa, ya karkata kai ya saurara. Matarsa takan ce ranar da ta mutu ma sai ya ƙwanƙwasa gadon da take kwance kafin ya fara kuka. Shi kuwa cewa yake katako mai lafiya amsawa yake, marar lafiya kuma nishi yake yi. Duk gidan nan babu ƙyauren da bai san muryarsa ba. Wuri ɗaya ne kawai ya daina taɓawa: gungume uku da suke riƙe da barandar nan.

Shekara huɗu da suka wuce ya tarar gara ta shige su. Ya je ya faɗa wa manajan lokacin, wani mai yawan murmushi da ba ya son jin abin da zai ɓata masa rana. Saura sati ɗaya a buɗe gidan bayan babban gyara, an riga an gayyaci manya. Manajan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yi mana dabara, Baba. Da biki ya wuce sai mu canza su."

Ya yi dabara kuwa, kuma abin da ya cuce shi ke nan, don shi bai iya aikin banza ba. Ya kwaɓa garin katako da gam, ya cike ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya shafa fenti, har jijiyar katakon sai da ya zana da bakin allura. Injiniyan hukuma ya zo duba gini, ya shafa gungumen ya ce bai taɓa ganin tsohon katako da aka kula da shi haka ba. Aka ba Kafinta takardar yabo, aka rataye ta a ofis da hotonsa. Kafin wata uku an ɗauke manajan zuwa wani wuri, ya tafi da alƙawarinsa a aljihu. Aka bar Kafinta da kyan ɗan maciji, kuma duk duniya shi kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin fentin.

Kada a ce bai damu ba. Ya damu har ya rame. Kullum da safe yakan riga masu shara zuwa, ya share ɗan garin da ya zubo a ƙasan barandar, mai laushi kamar gishiri. Da farko bai fi a ɗauka da yatsa biyu ba. Bana yana cika masa tafin hannu. Sau uku ya rubuta takarda zuwa ga sabuwar manaja, sau uku ya yaga ta. Da wane baki zai ce mata mutumin da ke cikin hoton nan maƙaryaci ne? Sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce mata ko za a rage masu hawa, kada su wuce mutum goma.

Ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, aikinka ne fa. Ni ko giwa aka kawo zan ce ta hau."

Daga nan sai ya koma tsayuwa. Duk ranar hutu za ka gan shi a ƙarƙashin barandar, hannu a baya, kai a sama, yana sauraron takun ƙafafu. Abokan aiki suka riƙa tsokanarsa wai yana gadin amaryarsa. Yakan yi yaƙe kawai. A gida kuma, duk lokacin da 'yarsa, auta, ta ce za ta kawo yara su ga wurin aikin kakansu, sai ya ce ba abin gani, tsofaffin kujeru ne da ƙura.

Wata ranar hutu da hantsi yana gyaran ƙyauren lambu, sai mai sayar da tikiti ta leƙo ta ce, "Baba, ka yi baƙi. Sun ce kada a faɗa maka, wai ba-zata za su yi. Sun haye sama."

Bai tambayi ko su wane ne ba. Ya taho da sauri, sukudireba na hannunsa. Daga ƙasa ya hango su: auta riƙe da jinjiri, mijinta, wanda shi kaɗai ya yi nauyin mutum biyu, da surukarta, da jikokinsa mata guda biyu. Ga kuma wasu iyalai, mutum ya kai ashirin, duk sun jingina da makarin baranda suna wa mai hoto murmushi. Babbar jikar ta gan shi, ta fara tsalle.

"Tsoho, ga mu nan. Ka ce ba abin gani, ashe rowa kake mana."

Duk tsallen da ta yi, sai gari ya zubo masa a kafaɗa. Sannan ya ji gungumen tsakiya ya yi wata 'yar ƙara, ƙasa-ƙasa, wadda ba wanda ya ji sai shi. Ya san in ya yi ihu za su ruga gaba ɗaya, kuma gudun ne zai ƙarasa abin. Ya ɗaga murya kaɗan.

"Jama'a, a yi haƙuri a shiga ciki. Ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Yara tukuna."

Suka fara shiga suna gunaguni. Wani ya ce ai bai gama hoto ba. Surukin nasa ne ya fita a ƙarshe, yana tafe yana duba waya, kowane takunsa Kafinta na jinsa a haƙarƙari. Barandar ta zama wayam.

Manaja ta iso, mutane suka zagaye shi. Bai yi dogon bayani ba. Ya jawo tsani ya hau, ya sa bakin sukudireba a gungumen tsakiya, ya tura da hannu ɗaya. Ta shige har mariƙinta kamar an soka ta a burodi. Da ya zare, gari ya tsiyayo, farar gara na motsi a ciki. Wata mata ta rungume ɗanta, ta zauna a ƙasa.

Manaja ta ce, "Wa ya rufe wannan?"

"Ni ne."

Auta ta miƙa wa mijinta jinjirin, ta matso gindin tsanin. Ita ce tun tana ƙarama take cika baki a makaranta cewa babanta ba ya ha'inci a aiki. Muryarta ba ta tashi ba.

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

"Shekara huɗu."

Ta juya ta dubi matar da ke zaune a ƙasa da ɗanta, ta dubi sauran yaran da iyayensu suka rirriƙe, sannan ta dawo da idonta kansa.

"Shekara huɗu 'ya'yan mutane na hawa. Sai yau da naka suka hau."

Ta kama hannun 'ya'yanta, suka nufi ƙofar fita, shi kuma yana tsaye a kan tsanin.