Jirgin da Ya Sauke Mu a Tamanrasat

Inna ba ta taɓa shiga jirgin sama ba sai da ciwon zuciya ya kwantar da ita. Soyayyen kifi take sayarwa a kasuwar Madarunfa, da shi ta raine mu bayan rasuwar Baba. Yayana, mai manyan motocin da ke jigila tsakanin Maradi da Jibiya, shi ya dage sai an kai ta asibiti a Tunis. Ni ne auta, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai aka ce in raka ta tunda ina jin Faransanci.

Lokotoron da ya duba ta a can ya yi iya ƙoƙarinsa. Daga baya ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta yi raunin da ba za ta jure aiki ba, gara mu koma ta huta cikin danginta. Ban faɗa mata duka ba, ita ma ba ta tambaya ba. Cewa kawai ta yi in haɗa mata kayanta.

Da hantsi muka tashi zuwa Yamai. Ta zauna kusa da taga tana kallon rairayi, ta ce ashe akwai ƙasar da ba a noma ko kaɗan. An raba abinci, ta ɗan taɓa shinkafa ta ture. Ma'aikatan jirgin na cikin kwashe kwanuka sai muka ji wata ƙara daga fiffiken dama, kamar an buga ƙofar ƙarfe da ƙarfi. Jirgin ya girgiza, ya ɗan karkata, wani ƙauri ya shigo. Wata mata a bayanmu ta fasa ihu, salati ya tashi ta ko'ina.

Inna ta kama hannuna. "Auta, mi ya faru?"

Na ce ban sani ba. Idona na kan ma'aikaciyar da ke ɓangarenmu, wata Balarabiya mai ɗan shekaru wadda ta taimaka mana wajen zaunar da Inna. Ba ta yi gudu ba. Ta tura keken abincin ta kulle shi a ma'ajinsa, ta ɗaga wayar da ke jikin bango ta saurara tana gyaɗa kai, sannan ta biyo layi tana duba ɗamarar kujerar kowa. Wani mutum ya miƙe zai buɗe akwatin sama, ta dafa kafaɗarsa ta ce ya zauna, da muryar da ba a musu da ita. Ya zauna.

Girgizar ta lafa, ƙarar gefen dama ta ɗauke gaba ɗaya. Wannan shirun ya fi ƙarar ba ni tsoro. Sai matuƙin jirgin ya yi magana, da Larabci, sannan da Faransanci. Ya ce inji ɗaya ya samu matsala, su da kansu suka kashe shi, kuma jirgin zai iya tafiya da ɗayan. Za mu yi ƙasa kaɗan mu nufi filin jirgi mafi kusa, wato Tamanrasat, a kudancin Aljeriya. Na fassara wa Inna.

"To shi ɗayan ba ya gajiya?" ta ce.

Ma'aikaciyar ta iso kanmu a daidai lokacin, sai na maimaita mata tambayar. Ta durƙusa a gaban Inna ta ce in gaya mata an ƙera jirgin ne don irin wannan ranar, kuma matuƙan sun sha gwada irin wannan saukar. Amma tana maganar tana kallon leɓɓan Inna, waɗanda suka fara canza launi. Ta tambaye ni ciwon, na faɗa mata. Ta tafi ta dawo da ƙaramar kwalbar iska, ta ɗaura mata abin shaƙa a hanci, ta ce za ta sanar da matuƙi ya nemi motar asibiti ta jira mu a ƙasa.

Ma'aikatan jirgin suka shiga shirya mu. Aka canza wa wasu wurin zama, aka kai masu ƙarfi bakin ƙofofi aka nuna musu yadda ake buɗewa. Aka ce kowa ya cire abin da ke da tsini a jikinsa, aka nuna mana yadda za mu sunkuya in an ba da umarni. Inna ba ta iya sunkuyawa, numfashinta ke sarƙewa. Ma'aikaciyar ta tattaro barguna da matasai ta cusa mata a gaba da gefe, ta ce in rungumo ta ta kafaɗa. Sannan ta gyara mata ɗamarar.

Inna ta ɗaga abin shaƙar ta ce, "Gaya ma yarinyar nan ta je ta zamna hakanan, ta wahala."

Duwatsu baƙaƙe suka bayyana ta taga, suna matsowa. Ba a kai ga ce mana mu sunkuya ba. Ƙafafun jirgin suka daki ƙasa, birki ya kama har na ji ɗamara ta shige mini ciki, motocin kashe gobara na bin mu a gefe. Da muka tsaya mutane suka yi ta tafi, wasu na kuka, wasu na kabbara. Aka hana kowa tashi har masu kashe gobara suka gama duba injin. Inna aka fara saukewa.

A asibitin garin suka sa mata ruwa da iska. Ta farfaɗo har ta yi sallar la'asar a kwance. Ta tambaye ni ko nan Nijar ne, na ce a'a, da saura. Sai ta ce in kira yayana. Ta ce masa kar ya sa a yi wahalar tarba, kuma ya sa ido kan 'yar'uwarmu da ke aure a Safo, don cikinta ya tsufa. Washegari da safe ina ba ta ruwa a cokali ta kauda kai, ta yi kalmar shahada a hankali. Kafin ma'aikacin asibitin ya iso ta cika.

Na tambayi lokotoron wurin ko firgitar jirgin ce. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Da irin zuciyarta, ko a gadonta na gida yana iya faruwa. Na karɓi maganarsa, amma har yau tambayar ba ta bar ni ba.

Wajen azahar ma'aikaciyar nan ta zo, tare da matuƙin jirgin, wani dattijo mai furfura. An turo wani jirgi da zai kwashi fasinjoji, suka biyo su duba mu kafin su wuce. Da ta ga gadon ba kowa sai ta toshe bakinta da hannu. Matuƙin ya cire hularsa, ya yi mini ta'aziyya, ya ce da yana da yadda zai kai ta gida da ya kai ta, amma ba zai ratsa sauran hamadar da inji ɗaya da mutane cike da jirgi ba. Na ce na sani.

Yayana ya yi kuka a waya kamar yaro, sannan ya ce kar a wahalar da gawa da jiran takardu, a yi mata sutura a can. Ban san kowa a garin ba. Wani mai share-share a asibitin, Bahaushe ɗan Gabi, kusa da garinmu, da ya je ci-rani, shi ya ji ina waya ya matso. Ya je unguwarsu ya dawo da mata suka yi mata wanka, maza suka haƙa kabari a ƙasa mai tsakuwa. Mutanen da ba su taɓa ganin ta ba suka yi sahu suka sallace ta. Ɗayansu, da ya ji daga inda muke, ya ce ya sha cin kifi a kasuwarmu, wataƙila ma a hannunta ya saya.

Na iso Madarunfa ni kaɗai, da jakarta da ledar magungunanta. Ashe maganarta ta zo wa yayana a makare: tun kafin mu taso ya sa an shafe ɗakinta da farar ƙasa, an sayi rago, an surfa gero mai yawa. Da wannan geron aka yi ta dama wa masu zuwa gaisuwa fura. 'Yar'uwarmu ta zo daga Safo a amalanken jaki, da ƙyar aka sauko da ita. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta buɗe jakar tana fiddo zannuwan ɗaya bayan ɗaya, tana tambayata wanne ne Inna ta ɗaura a ranar.