Mai Lamba Uku Na Sayo

Dattawan majami'armu sun aike ni in sayo kwamfuta mai lamba bakwai, na dawo musu da mai lamba uku. Har yau akwai waɗanda idan mun haɗu a kasuwar Kafanchan sai gaisuwa ta yi musu nauyi a baki. Su suka sani. Ko gobe aka sake aike na, ita ɗin zan sayo.

A lokacin ni ce sakatariyar zumuntar mata. Shugabarmu, wadda kowa ke kira Mama, ita ta tsara kusan duk waƙoƙin da muke yi da yarenmu, kuma ba ko ɗaya a rubuce, duk a kanta suke. Da ciwo ya fara cin ta, muka kwashe Asabar huɗu muna ɗaukar ta a bidiyo da waya a bayan majami'a, mu cikin anko, da tulu da ganga, ita a gaba kan kujera. Bayan haka jiki ya ƙi, likita ya ce a kai ta gida ta huta. Kowa ya san ma'anar wannan hutun. Aka kai ta wurin 'yarta a Kagoma, daga can ta aiko mini saƙo: "Ku ce wa yarinyar nan ina so in gani da idona."

Ni ce yarinyar, da jikoki biyu. Kafin in shiga koyarwa na yi aiki a shagon buga takardu, a can na koyi haɗa bidiyo, sai dai ba ni da kwamfutar yi. Mata suka yi baiko na musamman, wasu har da sayar da citta, amma abin da aka tara bai taka kara ya karya ba. Kuma a dokar ikkilisiyarmu ko tsintsiya za a saya sai dattawa sun zauna a kai.

Suka zauna. Babban dattijo, tsohon hedimasta, ya ce ɗansa da ke Abuja ya gaya masa kwamfuta lamba-lamba ce, uku, biyar, bakwai, kuma bakwai ce babba. Ya ƙara da cewa, "Bakwai ai lambar cika ce. A rana ta bakwai Ubangiji ya huta." Ɗaki ya ɗauki Amin. Ni ma na ce Amin, don a lokacin ban san komai a kai ba.

Mai shagon da na je wurinsa, kusa da tashar jirgin ƙasa, ɗan Ibo ne haifaffen kwatas ɗin reluwe, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya buɗe cikin wata kwamfuta ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar biskit.

"Malama, wannan shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar injin ke nan. Lambarsa daban, shekarunsa daban. Kuɗinki zai sayi bakwai, amma tsohon zubi, wanda aka gaji da shi a waje aka turo mana. Ko kuma ya sayi uku, sabon zubi. Zaɓi naki ne."

Ni ba na sayen abu da bakin ɗan kasuwa. Kuma ina da dalilin tsoro: a unguwarmu wuta da safe take zuwa, kafin tsakar rana an ɗauke, idan kuwa aka ɗauke kwamfuta na tsakiyar fitar da bidiyo, sai an koma farko. Na ciro filas ɗin da na zuba bidiyoyin a ciki daga jaka, na ce ya sa waƙa ɗaya a cikin kowacce, su yi tseren fitar da bidiyo a gabana. Na sayi gasasshiyar masara na ja benci na zauna. Kafin in cinye ta, mai lamba uku ta gama. Mai bakwai kuwa tana ta gurnani kamar injin markaɗe, jikinta ya ɗau zafi, ko rabi ba ta kai ba.

Na ce ukun zan ɗauka, na kuma gaya masa abin da ke jira na a majami'a. Ya yi dariya, ya jawo aljihun tebur cike da sitika.

"Wannan ai mai sauƙi ne. In manna miki bakwai a jiki, dattawa su ji daɗi, ke ki yi aikinki."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Oga, mayar da abinka. Abin da za a ɗora wa hannu a gaban bagade ne zan liƙa wa ƙarya? Kuma laifin me na yi da zan ɓoye?"

A wurinmu duk abin da aka saya sai an kai shi gaban jama'a ranar Lahadi an keɓe shi da addu'a. Babban dattijo ya fito, ya sa tabarau, ya sunkuya ya karanta sitikar, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Addu'ar ranar ba ta yi tsawo ba. Ana tashi sujada aka kira ni ofis.

"Malama, me muka ce ki sayo?"

"Bakwai, Baba."

"Me kika sayo?"

"Wadda za ta gama aiki kafin a ɗauke wuta."

"Kin fi ɗana sani ne?"

"Ɗanka bai ga su biyun suna aiki ba, Baba. Ni na gani."

Wani daga gefe ya ce a bincika, ƙila na rage lamba ne don in rage wani abu zuwa jakata. Kai! Na ajiye musu rasit a tebur, na ce duk mai shakka ya biyo ni shagon, ni zan biya masa kuɗin mashin. Ba wanda ya motsa. Fasto yana ta juya biro. Daga ƙarshe suka yanke cewa in sauka daga sakatariya saboda rashin biyayya, kwamfuta kuma a mayar ranar Litinin a canjo.

Na ce, "Kujerar ku karɓa, na bar muku. Kwamfuta dai ba inda za ta sai Mama ta gani." Na naɗa gammo, na ɗora ta a kai, na fita ta tsakiyar matan da ke laɓe a bakin taga. Ba wadda ta tare ni, ɗaya ma har ta riƙo mini wayoyin.

Safiya huɗu na yi a kanta. Da an kawo wuta ina zaune, ko shayi ba na haɗawa. Sau biyu aka aiko a karɓa, na ce wa ɗan aike ya gaida dattawa. Ranar Alhamis waƙar ƙarshe ta fita, ban gama miƙe ƙafa ba fanka ta tsaya.

Washegari na hau mashin zuwa Kagoma. Mama ta rame har na ji tsoron taɓa hannunta. 'Yarta ta aro ƙaramin janareto, muka jingina Mama da filo, muka kunna talabijin. Ta zuba ido, leɓenta na motsi, ni kuwa ina ta haɗiye kuka. A waƙa ta uku ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Kun haɗiye ƙarshen baitin nan. Shekara nawa ina gaya muku?"

Ta rera shi da 'yar muryar da ta rage mata, ta ja ƙarshen har numfashi ya ƙare, ta sa ni na maimaita sau biyu.

"Yawwa. Haka za ku yi shi ranar da za ku raka ni."

Bayan kwana tara muka raka ta. Ba ni da kujera, a layin baya na tsaya. Da aka zo baitin, matan gaba suka haɗiye shi kamar kullum, ni kaɗai na ja shi, da ƙarfi, har ƙarshe.